An sallame shi daga asibiti, to wa zai koya masa hawa mota?



Duk shekara idan 3 ga watan Disamba ta zagayo, ranar naƙasassu ta duniya, mukan ga an raba kekuna da sanduna, an ɗauki hoto, an yi jawabi, an watse. Ba na raina wannan, keke ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da yake jan jiki a ƙasa. Amma akwai tambayar da ban taɓa jin an yi ba a wuraren nan: wanda aka bai wa keken, in yana da randebu a asibiti jibi, ta yaya zai je? Wace mota za ta ɗauke shi? In ta tsaya, ya san yadda zai shiga? Direban ya san yadda zai kama masa?

Ra'ayina a nan ba mai tsawo ba ne. Aikin da ake yi wa mai naƙasar jiki a asibiti bai kammala ba sai ya iya fita daga ƙofar gidansu, ya hau abin hawan da kowa ke hawa, ya isa inda za shi, ya dawo lafiya. Koyon hawa kabu-kabu, adaidaita, taksi, faba-faba da babbar kar ya kamata ya shiga cikin magani, a rubuta shi a katin maras lafiya kamar yadda ake rubuta allura da ƙwaya.

Ku duba yadda abin yake yanzu. Mutum ya yi hatsari an yanke masa ƙafa, ko hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, ko ya karye a baya. Bayan likita ya gama nasa, sai a tura shi wurin mai gashin ƙashi, wanda muke ce wa kine. A ɗakin kine ƙasa siminti ce sumul, ga ƙarafa hagu da dama na dafawa, ba mai yi masa oda, ba mai ce masa ya yi sauri. Nan zai koyi tsayuwa, ya koyi taku goma, ashirin. Ranar da ya iya zagaya ɗakin sai a ce alhamdu lillahi, a sallame shi.

To waje fa? Waje rairayi ne da ke cinye tayar keke. Lambatu ne ba murfi. Ruwan damina ne da ya kwanta a ƙofar gida. Mai taksi ne da ya tsaya tsakiyar titi, motocin baya na ta oda. Aparanti ne da ke buga jikin mota yana cewa a shiga, a shiga, mutane na turereniya. Matakin faba-faba ya fi duk wanda ya taɓa gwadawa a asibiti tsawo, kuma motar ba ta jiran ya gyara zama kafin ta ja. Ba wanda ya shirya shi don wannan. Ya gwada sau ɗaya ya faɗi a gaban jama'a, ko ya tsayar da mota biyar kowace ta wuce, shi ke nan ya koma ɗaki. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Kada mu ɗauka mutum biyu ko uku ake magana. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna sama da mutum 700,000 ne ke da naƙasa a Nijar, wato kashi 4.2 cikin 100 na jama'ar ƙasa a lokacin. Hukumar lafiya ta duniya kuwa tana ƙiyasta kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya ne ke rayuwa da wata naƙasa. Ba duka ne masu naƙasar gaɓɓai ba, amma ku leƙa unguwarku: wanda shan inna ta taɓa tun yana yaro, tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye, matashin da babur ya kayar, wadda ciwon suga ya sa aka yanke mata ƙafa. Wasunsu mun daina ganinsu a kasuwa da masallaci da wurin suna, har mun manta mu tambayi dalili.

Abin da zaman ɗakin nan ke jawowa yana da yawa. Na farko, maganin kansa ke lalacewa. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, watannin farko ne jiki ya fi saurin dawowa, kuma sai da zuwa wurin kine a kai a kai. Wanda aka yi wa ƙafar roba, dungun ƙafarsa yana ramewa a watannin farko, dole ya koma a gyara masa, in ba haka ba robar ta riƙa cin fata har ya jingine ta a bango. Wuraren da ake irin wannan aiki kuma ƴan kaɗan ne: babban asibitin Yamai da na Damagaram, asibitin yara na CURE a Yamai, da asibitoci irin na Galmi da Danja. Mutumin Dakoro, ko Tanut, ko Abalak, sai ya shiga mota. Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne. In mutum bai iya tafiyar ba, randebu ya zama takarda kawai.

Na biyu, kuɗi. Wanda bai iya fita shi kaɗai ba, kowace tafiya kuɗin mota biyu ce, nasa da na ɗan rakiya, ko kuma a ɗauki shata a biya ninki. Ɗan rakiyar nan kuma sau da yawa yaro ne ko yarinya da ya kamata a ce suna aji. Na uku, aiki. Tun dokar 1993 ƙasarmu ta ce ma'aikatar da ke da mutum 20 ko fiye ta keɓe wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Madalla. Amma wanda ya samu gurbin, in ba zai iya isa ofis ƙarfe takwas ba kullum, wata nawa zai yi kafin a fara yi masa gori? Muna yawan ƙorafi a kan bara, alhali hanyar da za ta kai mutum makaranta da wurin sana'a mun bar ta a toshe.

Wannan koyarwa ba ni na ƙirƙiro ta ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda Nijar ta amince da ita a 2008, ta yi maganarta. Sashe na 9 ya yi zancen samun damar shiga gine-gine da ababen hawa. Sashe na 20 ya ɗora wa gwamnatoci koya wa naƙasassu dabarun zirga-zirga, su da ma'aikatan da ke kula da su. Sashe na 26 ya ce manufar jinyar ita ce mutum ya tsaya da kansa, ya shiga harkokin jama'a. A watan Disamban 2019 mun ƙara da tamu dokar, mai lamba 2019-62, kan shigar da naƙasassu cikin al'umma. Ta fuskar takarda ba mu da matsala.

An kuma gwada abin a aikace. A garin Nottingham na Ingila an yi wani bincike da aka buga a 2004, a kan mutum 168 da suka yi shanyewar ɓarin jiki. An raba su gida biyu. Kashi ɗaya an ba su takardun bayani a kan motocin garin. Ɗaya kashin, ban da takardun, ma'aikaci ya riƙa zuwa gidansu yana fita da su, su tsallaka titi tare, su hau mota tare. Bayan ƴan watanni waɗanda aka fita da su sun fi ɗaya kashin fita sosai. Darasin a fili yake: bayani ba ya cire tsoro, sai mutum ya yi abin da kansa, wani na tsaye kusa da shi.

To a garuruwanmu yaya za a yi shi? Ga yadda nake gani.

A fara da tambayar mutum ina yake son zuwa. Kasuwa? Makaranta? Shagonsa? Gidan ƴarsa da ke aure a wata unguwa? A zaɓi hanya ɗaya, wadda ta fi masa muhimmanci. Sai a fara a farfajiyar asibiti da abin hawa a tsaye: babur, adaidaita, taksi. Ya hau ya sauka sau goma, sau ashirin, ba mai kallonsa. Daga nan a fita titi tare da mai koyarwa, a lokacin da hanya ba cunkoso. Sannan a fita a lokacin cunkoso. Sannan mai koyarwar ya zauna nesa da shi, ya bar shi ya tsayar da mota da kansa, ya yi ciniki da kansa, ya biya da kansa. Sannan ya bi shi a baya a wani abin hawan. Daga ƙarshe ya tafi shi kaɗai, in ya isa ya buga waya. Sannu ba ta hana zuwa.

Cikin wannan akwai ƙananan abubuwa da in ba a faɗa wa mutum ba, da ciwo zai koye su. Mai sanda in zai hau mataki, lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, in zai sauka kuwa sandar da ƙafa mai ciwo ne ke fara sauka. Shiga taksi, mutum ya juya baya ya zauna tukuna, sannan ya ɗaga ƙafafunsa ya shigar da su. Mai keke ya matso da shi dab da kujerar motar, ya danne birki, ya kau da abin ɗora ƙafa kafin ya motsa. A kan babur, yawanci salansa a dama take, kuma wanda ba ya jin zafi a ƙafarsa, saboda ciwon baya ko ciwon suga ko kuturta, zai iya ƙonewa har nama bai sani ba. Dole a duba inda ƙafarsa take kafin a ja. Akwai kuma wanda jikinsa bai yarda ya hau babur ba sam, wanda ba ya iya riƙe zamansa ko hannunsa ba ya kamu. Shi ma aikin mai koyarwa ne ya gaya masa gaskiya, a nemo masa adaidaita ko taksi.

Doguwar tafiya tana da nata. Wanda ba ya jin mazauninsa, in ya yi awa da awa a kujerar kar bai motsa ba, gyambo ne zai fito masa, kuma gyambon zama yana ɗaukar watanni bai warke ba, wani ma ya zama ajali. Sai da matashi mai kyau, da ɗaga jiki lokaci zuwa lokaci. Da yawa sukan ƙi shan ruwa tun dare saboda tsoron fitsari a hanya, a ƙasar da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40. Gara a zauna da mutum a tsara masa: ina motar ke tsayawa, wace kujera ce kusa da ƙofa, me zai riƙe a jaka, wa zai tarbe shi a tasha. A kuma koya masa abin yi in lissafi ya ɓaci, mota ta lalace a daji, ko an sauke shi ba inda ya nufa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma koyon magana, wanda nake ganin ya kai koyon hawa muhimmanci. Mutum ya iya ce wa direba: matso kusa da gefe, jira in zauna, kama keken ta nan kada ka kama ta can. Ya iya ce wa mai son taimako: na gode, bar ni zan iya. Mu ƴan Nijar muna da tausayi, amma tausayin da ba sani yana karya mutum. An sha cicciɓar mai keke ba a tambaye shi ba, a kama inda ke cirewa, shi da keken su zube. Mata kuwa abin ya fi yi musu nauyi. Mace mai naƙasa da ba ta son namiji baƙo ya ɗauke ta cak a bakin titi tana da gaskiya, kuma in ba a koya mata yadda za ta shiga da kanta ba, za ta zaɓi zaman gida. Don haka dole a samu mata cikin masu koyarwa.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce motocin ne ba su dace ba, a gyara su tukuna, me ya sa za a ɗora wa naƙasasshe nauyin laifin da ba nasa ba? Rabin maganar nan gaskiya ce. Faba-faba ba a ƙera ta don mai keke ba, keken guragu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu ba ya naɗewa, sai dai a ɗora shi saman mota, wani direban ma ya ce sai an biya masa kuɗin kaya. Wannan dole mu ci gaba da yin magana a kansa. Amma ku duba Landan. Motocin bas na birnin duka suna da gangarar da mai keke ke bi ya shiga, duk da haka hukumar sufurin birnin tana da ma'aikata na musamman da ke raka mutum kyauta har ya saba da hanya. In su da suka gyara mota ba su bar koyarwa ba, mu da ba mu gyara ba mun fi su buƙatarta. Kuma wanda ke kwance a ɗaki yau ba zai jira shekara goma a sayo sababbin motoci ba. Ƙari a kan haka, ranar da masu keke da masu sanda suka yawaita a tasha, ranar ce masu mota za su fara lissafi da su. Wanda ba a gani ba a yi masa tanadi.

Wasu za su ce kine nawa gare mu da har za mu tura su yawon tasha? Gaskiya ne ba su da yawa, kuma akasarinsu a manyan birane suke. Amma ba kine ne zai yi duka ba. Nasa shi ne ya auna jikin mutum, ya ce wannan zai iya babur, wannan sai adaidaita, ga abin da za a kiyaye. Rakiyar kuwa, wa ya fi cancanta da ita irin naƙasassun da suka shekara ashirin suna zagaya garin nan? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sun san tashar da ke da tudu, sun san direban da ke tsayawa, sun san yadda ake ɗaure keke a bayan adaidaita. Sabon gurgu in ya ga tsohon gurgu ya hau mota ya sauka yana raha da aparanti, abin da zai shiga zuciyarsa ya fi jawabin likita goma. Tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH, tana da mutane a jihohi. A horar da wasu cikinsu, a biya su. Ga koyarwa, ga aikin yi.

Wasu kuma za su ce ai mu muna da dangi, ba mu yar da namu. Alhamdu lillahi da wannan, Allah ya bar zumunci. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: dangi na gajiya. Wata na farko kowa na rububin kai shi asibiti, wata na shida sai a fara cewa yau ba lokaci, bari gobe. Kuma magidancin da sai ya roƙi ƙaninsa kafin ya je ya gai da mahaifiyarsa, ku tambaye shi yadda yake ji. Wani lokacin ma dangin ne ke hana shi fita, don so da tsoron kada ya faɗi. Shi ya sa nake cewa a sa ɗaya daga cikinsu a koyarwar, ya gani da idonsa cewa ɗan uwansa zai iya.

Saura direbobi. Koyarwar da ta tsaya kan fasinja kaɗai gurguwa ce. Da yawa cikin masu wuce naƙasasshe a bakin titi ba mugunta ba ce, lissafi ne: minti biyar da zai ɓata, da tsoron kada mutum ya faɗi a hannunsa a ce shi ne. Wanda aka nuna wa yadda ake naɗe keke, da yadda ake tallafar mutum ta ɓangaren da ya dace, cikin minti ɗaya zai gama. Wannan darasin awa biyu ne. Sandika na masu taksi da na ƴan kabu-kabu da adaidaita za su iya shirya shi a tasharsu, naƙasassu da kansu su koyar. Oto-ekol za ta iya sa shi cikin karatun neman parmi. Kuma ƴan uwana masu babur, ku da kuke yini a kan titi kun fi kowa sanin cewa tsakanin mai ƙafa biyu da mai sanda daƙiƙa ɗaya ce.

Ga abin da nake nema, kuma ba wanda ya fi ƙarfinmu a ciki. Ma'aikatar kiwon lafiya ta sa fita waje cikin sharuɗɗan sallama daga wurin kine: kada a rufe katin mutum sai an rubuta da me zai riƙa zuwa randebu, kuma an gwada shi. Kowane sashen kine ya samu tsohon adaidaita da tsohuwar taksi a farfajiya, ko da ba inji, don gwaji. Makarantun da ke horar da ma'aikatan lafiya su sa wannan a karatunsu. Magadan gari su keɓe wurin tsayawa mai daidaitacciyar ƙasa a ƙofar asibitoci da manyan kasuwanni, su rufe lambatun da ke wurin. Kamfanonin kar su ware kujerun kusa da ƙofa, kuma su sanar a fili cewa keke da sanda ba kaya ba ne, ƙafar mutum ce, ba a biya musu kuɗi. Ƙungiyoyin da ke raba kekuna su ware wani abu cikin kuɗin don koyar da amfani da su a kan titi.

Mu kuma matasa akwai namu. In kana da ɗan uwa ko maƙwabci da ya daina fita tun da ya dawo daga asibiti, je ka tambaye shi ina yake marmarin zuwa. Ku nemi shawarar kine ɗinsa a kan abin da jikinsa zai iya, ku zaɓi rana, ku tafi tare. Kada ka yi masa komai da zai iya yi da kansa, kai dai tsaya kusa. In kana cikin taksi ko faba-faba aka tsaya ɗaukar mai sanda, kada ka zama mai tsaki, kai ne za ka ce wa direba ya jira ya zauna. In kana da babur ko adaidaita, ka tsaya, ka tambaye shi yadda yake so a kama masa.

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. Akwai dubban ƴan uwanmu da suka shekara suna aike: aiken cefane, aiken gaisuwa, aiken ta'aziyya, har aiken karɓo haƙƙinsu. Yawancinsu za su iya zuwa da kansu in an nuna musu hanya sau ƴan kaɗan.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kare mu a kan hanyoyinmu, ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace. Amin.